Tafiyata Santambul: Dala, Lira da Katin Banki

Na je Santambul, a ƙasar Turkiyya, a tsakiyar shekarar 2025, lokacin da dala ɗaya ke kai-komo a wajajen lira 40. Na faɗi wannan tun farko don duk wani lissafi da zan yi a nan a kan wannan farashi ya dogara, kuma lira ba kuɗi ba ne da ke zama wuri guda. Wanda zai je bana ko baɗi zai tarar alƙaluman sun sauya, amma hanyoyin da kuɗin matafiyi ke zurarewa suna nan yadda suke.

Shirin kuɗi tun a gida ake gama shi. Na raba guzurina kashi uku: tsabar dala, katin banki guda biyu na bankuna daban-daban, ɗaya Visa ɗaya Mastercard, sai 'yan ƙananan takardu na dala goma da ashirin da na ware a aljihun gaba. Ban sayi lira ko ɗaya ba kafin in tashi. Ɗan canjin da ke nesa da Turkiyya shi ma da dala ya samo lirarsa, ya ɗora ribarsa a kai, ka ga canji biyu ke nan za ka biya a wuri ɗaya. Ban kuma ɗauki kuɗin ƙasarmu da niyyar canzawa a can ba, don allunan 'yan canjin Santambul dala da yuro da fam ne a samansu, sai irin su riyal da dirhami a ƙasa. Kuɗin da ba ya kan allo, ko dai a ce ba a karɓa, ko a taya shi tayin wulaƙanci.

Ita ma dalar ba kowace iri ba. A ƙarshen 2024 an samu yaɗuwar jabun takardun dala 50 da 100 a Turkiyya, har wasu na wucewa ta injin ƙirga ba tare da ya kama su ba, abin da ya sa bankuna da wuraren canji da dama suka daina karɓar tsofaffin takardu. Saboda haka na nace a ba ni sabuwar ɗari, mai shuɗin zare a tsakiya, wadda Amurka ta fara fitarwa a 2013. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai sayarwa, duk wadda ke da yagewa ko tambarin tawada ko rubutun biro na mayar aka musanya mini. Aiki ne na minti goma, amma takarda mai tabo a can tana iya zama takardar banza a hannunka.

Na shiga bankunana biyu na tabbatar an buɗe katunan don amfani a ƙasar waje, na kuma tambayi abu uku: iyakar abin da zan iya kashewa a wata, nawa suke caja a kowace cira, da kashi nawa cikin ɗari suke ɗorawa a kan canji. Na bar layin wayata na gida a buɗe don karɓar saƙo a ƙetare, saboda lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta kansa take zuwa, in ka cire shi ka sa layin Turkiyya kaɗai, biyan kuɗi ta intanet ya tsaya cak. Otal ma tun a gida na kama. Tun 2017, bisa hukuncin wata kotu, ba a iya kama ɗakin otal na cikin Turkiyya ta Booking.com in mutum yana cikin ƙasar, PayPal kuma ya daina aiki a can tun 2016.

Tafiyar jirgi ba wani labari. Mun sauka a sabon filin jirgin Santambul da aka buɗe a 2018, aka buga mini hatimi a fasfo, na ɗauki jakata na wuce kwastam.

Da fitowa zauren masu isowa sai ga kantunan canji a jere, fitilu tar. Kowane allo layi biyu ne. Ƙarƙashin "Alış" shi ne farashin da za su sayi dalarka, ƙarƙashin "Satış" kuma farashin da za su sayar maka. Kai da ka zo da dala, na farkon ne naka, kuma kullum shi ne ƙarami. Hanya mafi sauƙi ta gane mai tsada ita ce duba tazarar da ke tsakanin layukan biyu. A ce wani ya rubuta 36 da 43, wani kuma 39.90 da 40.10. Na farkon zai ba ka lira 3,600 a kan dala ɗari, na biyun 3,990. Lira 390 ta tafi a takarda ɗaya, kusan dala goma ke nan, kashi goma cikin ɗari na kuɗinka. A filin jirgi irin na farkon ne suka fi yawa, wasu ma da la'ada a kai wadda aka rubuta da ƙananan haruffa a gindin allo. Rubutun "babu la'ada" kuma ba ya nufin komai in farashin kansa ya riga ya cinye ta. Ni dai na miƙa dala ashirin ɗin nan ta aljihun gaba, kafin in saki na ce wa yarinyar da ke bayan gilashi ta buga mini a kalkuleta nawa zai shigo hannuna. Ta buga, na gani, sannan na saki. Abin da zai kai ni masauki kawai nake nema.

Filin jirgin yana da nisan wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari, don haka na nufi jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin M11. A bakin tasha akwai injinan sayar da Istanbulkart, katin da ake shiga kusan duk abin hawan gwamnati da shi: jirgin ƙasa, tarago na kan titi, bas, har jiragen fito. Ana sauya harshen injin zuwa Turanci ko Larabci. Ka fara biyan kuɗin katin kansa, sannan ka zuba masa na hawa. Injin ba ya ba da canji, duk takardar da ka zura masa gaba ɗaya za ta hau kan katin, kuma in takarda ta yamutse sai ya tofo ta, sai ka miƙe ta a gefen injin ka sake gwadawa. Na sauka a Gayrettepe, na yi doguwar tafiya a ƙasa da jaka zuwa layin M2, na fita a Vezneciler, wadda ba ta da nisa da unguwar Laleli inda masaukina yake.

A otal an rubuta kuɗin ɗaki da yuro. Wannan ya zama ruwan dare a can, tunda hauhawar farashi ta taɓa haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, masu otal suka gaji da sauya allo. Abin tambaya shi ne, in da lira zan biya, da wane farashi za a lissafa yuron? Wasu na babban bankin ƙasar suke bi, wasu nasu na kansu. Saurayin da ke karɓar baƙi ya nuna mini nasu a kwamfuta, na gwada da na wayata, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na kuma tambaya ko harajin masauki na kashi 2 cikin ɗari, wanda aka fara karɓa a 2023, yana ciki, ya ce yana ciki. Daga nan ya nemi kati don riƙe wani adadi a matsayin jingina. Wannan ba cira ba ce, amma kuɗin zai daskare, ba za ka iya taɓa shi ba har sai an sake shi, wani lokaci sai bayan mako biyu ko fiye da barinka otal ɗin. Shi ya sa na ba shi katin da ba da shi zan riƙa hidimar yau da kullum ba. A ɗaki na zuba yawancin dalar da kati ɗaya a akwatin ajiya mai lamba, na fita da abin da zai ishe ni wuni.

Washegari na gangara Kapalıçarşı, babbar rufaffiyar kasuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu, jim kaɗan bayan ya ci birnin a 1453. Tana da shaguna wajen 4,000, kuma a cikinta da lungunan da ke kewaye da ita, inda maƙera zinariya suke, nan ne canji ya fi daraja a duk inda na zaga. Shagunan da ke ɗauke da rubutun "Döviz", wato na 'yan canji, suna kusa da juna, gasa ta matse tazararsu har ta koma 'yan kwabbai. Na duba alluna huɗu ko biyar a tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, na tsaya a wanda 'yan gari suka yi layi. Ran Lahadi kasuwar a rufe take, don haka mai bukatar lira ta ƙarshen mako ya canza tun Asabar.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan takardun. Mafi girman takardar kuɗi a Turkiyya ita ce lira 200. Da aka fito da ita a 2009 ta kai wajen dala 130, ranar da nake tsaye a wurin kuwa dala biyar ce. Mutumin da ke gabana ya canza dala dubu, aka turo masa bandir biyu cif, takarda ɗari-ɗari, ya rasa aljihun da zai ɗauke su, ƙarshe a cikin ledar takalmin da ya saya ya cusa. Mai canjin, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya ɗaga ɗarina ya duba zaren, ya shafa kafaɗar rigar hoton da babban yatsa don jin kaushin bugun, ya zura ta a inji sau biyu, sannan ya ƙirgo mini takarda goma sha tara ta 200 da 'yan ƙanana. Na sake ƙirgawa a gabansa kafin in matsa, na karɓi rasit, na kuma roƙe shi ya fasa mini biyu zuwa hamsin-hamsin da ashirin-ashirin. In kuɗin da yawa sukan nemi fasfo, don haka ya kasance a jikinka.

Ban taɓa canza fiye da abin da zan kashe cikin kwana biyu ko uku ba. Lirar da ta kwana a aljihu raguwa take yi, wadda ta yi saura kuma sai ka sake biyan tazara kafin ta koma dala.

Takardun duk hoton Atatürk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ne a gaba, don haka da launi ake bambance su: goma ja, ashirin kore, hamsin ruwan lemo, ɗari shuɗi. Yana da kyau mutum ya zauna a ɗaki ya baje su a kan gado ya san su. A da takardar biyar ta yi kama da ta hamsin, har a 2013 aka sauya mata launi, kuma da wannan kamannin ne wasu direbobin tasi suka yi suna: ka miƙa babba, ya sauke hannu ƙasan sitiyari, ya ɗago da ƙarama ya ce ita ka ba shi. Dabarar ba ta mutu ba, takardun da ake yi da su ne suka sauya. Maganinta shi ne ka faɗi adadin da baki, kana miƙawa ɗaya-ɗaya a inda yake gani. A tasi ka tabbata an kunna mita, ka kuma sani cewa kuɗin gada ko na ramin ƙarƙashin teku a kan fasinja yake, ƙari ne a kan abin da mita ta nuna. Da na kira tasi ta manhajar BiTaksi, tun kafin in shiga na ga kiyasin kuɗin, gardama ta ragu.

Na'urar cirar kuɗi ita ce inda aka fi yanka baƙo cikin ladabi. Yanka uku ne ke jiranka. Na farko cajin mai na'urar, wanda zai bayyana a allo kafin ka amince, kuma ya bambanta ƙwarai daga wannan banki zuwa wancan, don haka in ka ga ya yi yawa ka soke ka matsa ta gaba, tunda sau da yawa a jere suke. Na biyu cajin bankinka na gida, wanda in ƙayyadadde ne a kowace cira, gara ka ciri mai yawa sau ɗaya da ka yi ta tsinta. Na ukun ya fi su duka. Na'urar za ta gane katin baƙo ne, sai ta tambaye ka cikin fara'a ko kana so a caje ka da kuɗin katinka, ga adadin ma ta lissafa maka, ka san abin da ka kashe tun yanzu. In ka amince, ka ba mai na'urar damar yanka farashin canji da kansa, kuma ba zai yanka don amfaninka ba. A ce lira 8,000 kake so, wato dala 200 a farashin kasuwa. Tayin nasu zai iya nuna maka 215 ko sama da haka. Ka zaɓi a ci gaba ba tare da canji ba, a caje ka da lira, Visa ko Mastercard su yi lissafin da farashinsu wanda ke kusa da na kasuwa. Sau da yawa maɓallin da ya dace shi ne ƙarami, mara launi, wani lokaci har da gargaɗin cewa ba su da tabbacin farashin da za ka samu. Shi ɗin dai za ka danna.

Ina amfani ne da na'urar da ke manne da reshen banki, kuma da rana lokacin aiki, domin in ta haɗiye kati akwai wanda za ka yi wa magana da fasfonka a hannu. Waɗanda ke tsaye su kaɗai a bakin wuraren yawon buɗe ido sun fi tsada. In kuwa aka zare kuɗi a asusunka na'ura ba ta ba ka komai ba, ka ɗauki hoton allon da lambar na'urar, ka riƙe 'yar takardar, ka kai ƙara bankinka na gida, su ne za su bi maka.

Tambayar nan tana sake fitowa a na'urar POS ta shaguna da gidajen abinci, amsar kuma ɗaya ce: lira. Kafin ka ɗora kati ka karanta adadin da kyau, don Turkawa ɗigo suke sawa a wurin dubbai, waƙafi a wurin kwabbai. In ka ga 1.250,00 to lira dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ce. Sifili ɗaya ya ƙaru cikin gaggawa, ka biya kuɗin abincin mutum goma.

Kati yana aiki kusan ko'ina, amma mai burodin simit a kan titi, mai shayi, da ɗan dako tsaba suke so, kuma ba sa murna da takardar 200 a kan cinikin lira ashirin. Tun farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci kafa jerin farashi a bakin ƙofa da kan tebur, don haka inda ban ga farashi ba ba na zama. A gidajen kifi na bakin ruwa a kan kilo ake yanka kuɗi, sai ka sa a auna a gabanka a faɗa maka jimla kafin ya hau wuta. Lokacin da na je, ƙananan faranti da ruwan gora da ake jerawa ba ka nema ba, ba lallai kyauta ba ne, tambaya ɗaya ta wadatar. Tukwici kashi biyar zuwa goma ne cikin ɗari, kuma a hannu ake bari. Mafi arhar abin da na more a garin shi ne jirgin fito daga Eminönü zuwa Üsküdar, daga Turai zuwa Asiya da taɓa kati sau ɗaya. Ayasofya kuwa, tsohon ginin tarihi da yanzu masallaci ne, tun Janairun 2024 baƙo mai yawon kallo yuro 25 yake biya ya hau bene, Masallacin Sultanahmet da ke fuskantarsa kyauta ne.

A Laleli lissafin ya juya. Unguwar 'yan sari ce, shagunan tufafi hawa-hawa, masu saye daga Rasha, ƙasashen Larabawa da Afirka, kuma da dala ake faɗin farashi. A wani shagon abaya na haɗu da wata Hajiya da ta daɗe tana wannan hanya, ta ga ina shirin fita neman lira don in biya.

"Malam, ina kuma za ka?"

"Canji zan yo, Hajiya."

"Da dala ya gaya maka kuɗin, ko ba haka ba? To ba shi dalarsa. In ka kawo lira, shi zai mayar da ita dala da farashin da ya ga dama. Ka biya ɗan canji, ka dawo ka biya shi."

Ta ƙara mini da cewa in tambayi farashin tsaba daban da na kati, don mafi yawansu suna ɗora wani kashi a kan kati, in suka ga tsaba kuma sukan yi ragi. In kaya sai an haɗa, kada in biya duka, in ba da kafin alƙalami, a rubuta a takardar shago mai hatimi: lambar samfur, launi, yawan dila, abin da aka biya, abin da ya rage, da ranar ɗauka. Ragowar sai an buɗe dila an ƙirga a gabana. Kamfanonin aika kaya da ke lungunan unguwar kuma da kilo suke caji, su ma da dala, sai a tambaya ko kuɗin ya haɗa da fito da kaya a can inda za su sauka, don a nan rigima ta fi tashi. Game da masu cewa ka tura musu kuɗi a gida su ba ka dala a nan, ta ce ita da mutum ɗaya take hulɗa shekara da shekaru, kuma ko shi ba ta sakin kuɗi sai tana zaune a ofishinsa. Baƙon da bai san kowa ba, in aka cinye shi ba shi da takardar da zai nuna wa hukuma.

Ana gobe zan taso na daina zuba wa Istanbulkart kuɗi sai daidai hawan da ya rage. Lirar da ta saura na kai wurin karɓar baƙi na rage kuɗin ɗaki da ita, cikon na biya da kati, na kuma sa saurayin ya soke jinginar a gabana ya ba ni takardar sokewa. Sulalla ba mai canza su a waje, na bar wa mai gyaran ɗaki tare da tukwicinsa.

A filin jirgi, wanda ya yi sayayya a shagunan da ke ba da takardar mayar da haraji sai ya fara zuwa teburin kwastam da kayan da fasfo da rasit a buga masa hatimi, kafin ya ba da jakarsa a awo, don suna iya cewa a nuna kayan. Harajin kashi 20 ne a yawancin kaya, 10 a tufafi, amma ba duka ke dawowa ba, kamfanin da ke biya yana cire nasa. Mai fita da tsabar da ta haura yuro 10,000 ko kwatankwacinta dole ya bayyana wa kwastam, a nan ne rasit ɗin canji da na banki ke amfani. Bayan an wuce shige da fice farashi ya koma na yuro, ruwan gora ma ya ninka na cikin gari sau da yawa, don haka na bar lira ɗari biyu ko uku don wannan kawai.

Da na dawo na zauna da rasit-rasit ɗina na gwada su da bayanan asusun katunan biyu layi-layi. Adadin da ke fitowa ranar sayayya na wucin gadi ne, yakan ɗan motsa bayan kwana biyu ko uku idan cinikin ya zauna. Jinginar otal ta sake a mako na biyu. Na rufe amfani da katunan a ƙasar waje ta manhajar banki, na sauya lambobin sirrinsu.